Hanyar da fim ke biyowa: bitar littafin Brian Larkin

A tsakiyar 2025 kamfanin Netflix ya mai da kuɗin babban tsarinsa na wata naira 8,500 a Najeriya. A Amurka a lokacin wannan tsarin dala 24.99 ne, wato sama da naira 37,000 a canjin lokacin. Ratar nan ta buɗe wa masu wayo ƙofa. Mutum yana zaune a Landan ko Toronto sai ya kunna manhajar VPN mai ɓoye inda yake, ya nuna wa kamfanin shi mazaunin Legas ne, ko Turkiyya, ko Ajantina, ya biya kuɗin can. Kamfanonin ma ba barci suke yi ba. Ƙa'idar Netflix ta ce a ƙasar da ka buɗe asusu ake sa ran za ka fi kallo, kuma a watan Yunin 2024 YouTube ya shiga soke rajistar waɗanda ya gano sun saya da sunan ƙasar da ba su cikinta.

To mu da muke cikin ƙasar arahar fa? Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024 naira 75,000 ne. Ka cire 8,500 daga ciki, fiye da kashi ɗaya cikin goma ya tafi, ba a sayi data ba, ba a yi cajin waya ba. Abin da Bature ke haɗa dabaru don ya same shi a banza, shi ne ma'aikaci a Maiyama ke kallo daga nesa ya wuce.

Littafin da ya fi taimaka min wajen fahimtar wannan juyi bai san da Netflix ba, domin ya riga shi zuwa Najeriya da shekara takwas. Sunansa Signal and Noise: Media, Infrastructure, and Urban Culture in Nigeria, na Brian Larkin, malamin nazarin al'umma a kwalejin Barnard da ke birnin New York. Maɗaba'ar Jami'ar Duke ce ta fitar da shi a 2008, bayan binciken da marubucin ya yi a Kano tun shekarun 1990. Babi bakwai ne, kuma duk suna zagaya magana ɗaya: kafin ka tambayi me ke cikin fim, tambayi ta ina ya biyo, wace na'ura ta ɗauko shi, wane lantarki ya kunna ta, wa ya biya. Ga Larkin, shuuu ɗin kaset da layukan da ke ratsa hoto da ɗaukewar wuta a tsakiyar kallo duk labari ne, kuma yana karanta su da natsuwar da wasu ke karanta jigon fim.

Ya faro daga nesa. Jirgin ƙasa, aikin ruwa da lantarki na Kano da aka buɗe a 1931, yadda Turawa suka riƙa kai sarakuna su ga manyan injina don zukatansu su cika da kwarjinin mulkin. Sai rediyon waya da aka kafa a Kano a 1944, wanda ba ka da ikon murɗa shi zuwa wata tasha, abin da aka turo shi za ka ji. Waɗannan babuka biyu aiki ne mai kyau na tonon takardun tarihi, amma mai karatu daga wajenmu zai fi jin jikinsa a babi na uku, na majigi. Motar gwamnati ta iso gari da la'asar, an kafa allo a ƙofar fada, mai sharhi ya riƙe lasifika yana fassara wa jama'a tsaftar rijiya da noman auduga. Dattawanmu har yau suna tuna fim ɗin Baban Larai. Larkin ya bi sawun abin tun daga William Sellers, jami'in lafiya da ya fara haska finafinan wayar da kai a Legas kafin ya jagoranci sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939, har zuwa yadda gwamnatin Jihar Arewa ta gaji motocin ta ci gaba da tallar ayyukanta da su. Hujjarsa a nan mai ƙarfi ce: kallon majigi kyauta ne, amma ba kai ke zaɓa ba, kuma abin da ake karɓa a wurinka shi ne kunnenka da biyayyarka.

Silima ta kuɗi kuma wata duniya ce dabam. Kwarori ne suka gina ta, Rex ta buɗe a Kano a 1937, a wajen ganuwa, inda baƙi da barasa suke. Larkin ya nuna cewa sunan banza da gidan silima ya yi a ƙasar Hausa ya samo asali tun daga filin da aka dasa shi. Ya kawo gobarar silimar El Duniya ta 1951 da ta ci rayuka 331, da yadda gari ya ɗauka cewa fushin Allah ne, da rigimar buɗe silimar Palace a cikin birni a 1952. Wanda ya karanta wannan babi ba zai yi mamakin yadda har gobe uba ke ɗaure fuska in an ce an ga ɗansa a gidan kallo ba.

Amma zuciyar littafin, a ganina, babi na bakwai ne, na kasuwar Ƙofar Wambai. A nan ne maganar sayo fim daga waje da araha ta fito tsirara. Fim ɗin Indiya ko na Amurka ya fito, wani ya kwafe shi, uwar kaset ta bi ta Dubai ko Beirut ta sauka Kano, a nan a jera bidiyo-bidiyo a ɗaki ana gurzawa dare da rana, dillalai daga ko'ina a Arewa da Nijar da Kamaru su zo su ɗiba, galibi bashi, bisa amana. Larkin ya ba da labarin wani fim ɗin Van Damme da ya kalla, rubutun Sinanci a kan na Larabci, kowane zango da kaset ɗin ya yada ya bar tambarinsa a jikin hoton. Duk wanda ya yi kallon bidiyo a shekarun 1990 ya san abin da ake nufi: fuskar jarumi ta koɗe, ja ya malale cikin kore, tallar wani kanti na ƙasar Larabawa na gudu a ƙasan allo, murya kamar daga cikin tulu. Mun ɗauka haka fim yake. Larkin ya ce a'a, haka hanya take.

Sannan ya yi abin da ya sa nake girmama littafin. Bai tsaya ga la'antar satar fasaha ba, bai kuma tsaya ga yi mata kirari ba. Ya nuna cewa injinan da aka tara don gurza finafinan sata, da dillalan, da hanyoyin bashin, su ne suka zama gadon da fim ɗin Hausa ya kwanta a kai bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Har tsarin cinikin ya bayyana: furodusa ya buga kwalayen kaset, ya miƙa uwar fim ga ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya gurza a kaset ɗinsa, kuɗin furodusa kuwa na kwalin da aka sayar ne. Kwali shi ne shaidar halal. Ban san wani bayani da ya fi wannan fito da yadda kasuwar fim ta Kano ta tsaya da ƙafarta ba tare da banki ko gwamnati ba.

Mutumin Jega ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane wannan. Garin da ya yi suna tun ƙarni na 19 a matsayin zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ya san cewa ciniki shi ne ratar farashi tsakanin wuri da wuri. Buhun albasar Aliero kuɗinsa ɗaya a bakin gona, wani kuɗin ne in ya sauka Legas, kuma babu mai kiran wanda ya ci ribar tsakani ɓarawo, domin ya biya mota, ya biya lodi, ya ɗauki kasadar ruɓewa. Bambancin kawai shi ne mai VPN bai ɗauki kasadar komai ba, ƙarya ya yi game da mazauninsa. Kamfani ya rage wa Najeriya farashi ne don aljihun 'yan Najeriya, in baƙi suka cika layin, masu gida ne za su ji a jikinsu sa'ad da aka tsaurara bincike ko aka ƙi karɓar kati.

Ka ɗauki idon Larkin ka je tashar mota a Jega da yamma. Ga rumfar mai caji, allon katako cike da soket, wayoyi sun fi hamsin kowace da lambarta a manne, ƙaramin janareta na kuka a baya ko farantin sola a kan rufi. Gefe guda ga matashi da kwamfuta a cinya. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, bai ko kashe mashin ba.

"Ɗan'uwa, mi as sabo?"

"Akwai Labarina na wannan mako, akwai fassarar Algaita guda biyu."

"Zuba man su duka, amma ka rage masu nauyi, memori ya cika."

Kalmar nan ta rage nauyi ita ce babin da Larkin bai samu rubutawa ba. An matse fim don ya shiga ƙaramar waya, hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai duk lokacin da jarumi ya yi gudu, tambarin wanda ya fara saukewa na kusurwa, na wanda ya sake turawa na kan nasa, muryar mai fassara ta danne ta 'yan Indiya. Kaset ya mutu, CD ya bi shi, Ƙofar Wambai ba ta da ƙarfin da take da shi a harkar, amma hanya tana nan tana barin sawunta a jikin hoto. Kuma wannan matashi mai kwamfuta shi ne ainihin mai rajistar garin. Shi ya sayi data, watakila da tsakar dare lokacin da ta fi sauƙi, ya sauke sau ɗaya, ya raba wa mutum ɗari a kan ɗan canji.

Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero suna da tasu dabarar, ta karo-karo: mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi a kan asusu ɗaya, ko a samu ɗan'uwa a waje ya ba da lambar sirrinsa, abin da Netflix ya fara toshewa a 2023. Biyan ma kansa aiki ne. Daga 2022 bankuna da yawa sun rufe sayayyar waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, a shekarar da hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Lambar da kamfani ya rubuta a shafinsa ƙaramin yanki ne na abin da mai kallo ke biya. Wannan darasin daga Larkin na koye shi.

Littafin yana da inda ya gaza, kuma ba ƙananan wurare ba ne. Na farko, na Kano ne ƙwarai. Garuruwa irin namu suna fitowa ne a matsayin inda motar majigi ke zuwa ko inda dillali ke kai kaya, ba a ji muryarsu ba. Yankin da ke da Kamba a kusa, mai kallon tashoshin Nijar, mai cinikin sefa, yana da nasa tarihin kallo da littafin bai leƙa ba. Na biyu, mata. Ya yi bayanin yadda zauren silima ya zama wurin maza da matan da ake yi wa kallon banza, amma ɗakin amarya, inda bidiyo ya zama kayan ɗaki kuma inda fim ɗin Hausa ya sami masu sayensa na gaskiya, bai sami filin da ya kamata ba. Mai son cike waɗannan giɓi sai ya haɗa da rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu, da kundin Hausa Home Videos na 2004 da ya shirya tare da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril.

Akwai kuma abin da lokaci ya nuna. Larkin ya kama satar fasaha a lokacin da take haihuwa, bai kai ga lokacin da ta juyo tana cin 'ya'yanta ba. Al'adar tura fim a waya ta durƙusar da kasuwar faifai a tsakiyar shekarun 2010, furodusoshi da dama suka karye, masana'antar ta koma finafinai masu dogon zango a YouTube da Arewa24, inda talla ke biya maimakon mai kallo. Manhajoji na gida irin Northflix sun gwada tsarin biyan kuɗi da naira, suna kokawa da mutanen da suka saba samun fim a rumfar caji. Ba laifin marubuci ba ne da bai ga gaba ba, amma mai karatu na yau zai ji sha'awarsa ga dabarun 'yan gurzawa ta ɗan yi yawa, musamman in yana da ɗan'uwa da ya sa jarinsa a fim ya tashi da hannu biyu.

Turancin ma yana da nauyi a wurare. Inda Larkin ke ba da labarin kasuwa ko daren kallo a silima, alƙalaminsa gudu yake, kana jin hayaniyar masu sayar da abinci a ƙofa da ihun 'yan kallo. Inda ya tsaya gaisawa da masanan Turai kuwa, sai ka yi ta maimaita sakin layi. Kuma littafi ne a kan Hausawa da aka buga a Amurka, ake sayarwa da dala, cikin harshen da mai rumfar caji ba zai karanta ba. Babi na uku da na huɗu da na bakwai sun cancanci a mai da su Hausa, ko da ƙaramin littafi ne da ɗalibi zai iya saya a Birnin Kebbi.

Wanda ya same shi a ɗakin karatu ko a hannun malami, shawarata kada ya fara daga farko. Ya buɗe babi na bakwai, ya dawo na huɗu, sannan na uku. Gabatarwar ya ajiye ta sai ya gama sauran, lokacin ne za ta yi masa sauƙi.