Jinjina ga Masu Tsayar da Yoyon Mai

A Amurka da Ingila akwai mutanen da, bayan sun tashi daga aiki, suke shiga garejin gida su sassaƙa ƙarfe don sha'awa. Da yawansu na amfani da ƙaramin inji irin RF-45 na kamfanin Rong Fu na Taiwan, wanda giyoyin kansa ke juyawa cikin mai. Idan robar da ke tare man ta bushe, sai ya biyo sandar juyi, ya wanke giris ɗin boris, ya ɗiga kan aiki.

A nan ake gane gwani. Ba ya gaggawar kwance inji. Sai ya goge kan injin tas, ya bibiyi ɗigon har tushensa. Wataƙila an cika mai fiye da kima, ko ramin fitar iska ya toshe, zafi ya turo man waje. In robar ce, ya auna ta daidai, ya dasa sabuwa a hankali don kada leɓenta ya yage.

Haƙurin irin waɗannan gwanaye ne ke ƙara wa inji shekaru, ya hana a jefar da abin da ke gyaruwa.