Sarki Penda A Alƙalamin Bede: Tsokaci Kan Tarihin Da Abokin Gaba Ya Rubuta

Duk manazarcin da ya so sanin asalin sarautun Ingila, ba shi da makawa sai ya bi ta kan littafin Bede, wato Tarihin Cocin Al'ummar Ingilishi, wanda aka kammala a 731 cikin harshen Latin. Bede malamin coci ne, ya yi kusan dukkan rayuwarsa a gidajen ibada na Wearmouth da Jarrow, a ƙasar Northumbria da ke arewacin Ingila. Ya rasu a 735. Littafin kashi biyar ne, kuma Turawa na kiran mai shi uban tarihin Ingilishi. Manufar wannan tsokaci ita ce duba yadda ya zana hoton mutum ɗaya, wato Penda, Sarkin Mercia, babban sarki na ƙarshe da ya mutu a kan addinin gargajiya a tsakanin Ingilishi.

Sarautar Takobi Da Kyauta

Kafin mu shiga cikin littafin, ya kamata mai karatu ya san irin sarautar da ake magana a kanta. Bayan da ikon Rum ya janye daga tsibirin Birtaniya wajen 410, ƙabilun Angil da Sakson da Jut suka riƙa tsallako teku daga yankunan da a yau suke arewacin Jamus da Danmak. Suka kafa ƙananan sarautu irin su Kent da Wessex da East Anglia da Mercia da Northumbria. Yawancin gidajen sarautar suna danganta asalinsu ga Woden, abin bautarsu.

Sarki a wurinsu sarkin yaƙi ne. Barade na taruwa a fadarsa, yana ba su makamai da zinariya da gonaki, su kuma suna biyansa da rayukansu a fagen fama. Kyautar nan daga ganima take fitowa, ganima kuwa sai da yaƙi. Ke nan sarkin da ya ajiye takobi, rumbunsa zai ƙare, baradensa su koma wani gida. Ƙasa ma ta ba da shaida. A 1939 aka tono kabarin Sutton Hoo, jirgin ruwa mai tsawon kamar mita 27 da aka binne da kwalkwali da garkuwa da takobi. A 2009 kuma aka tsinci tarin dukiyar Staffordshire a tsakiyar tsohuwar Mercia, zinariya kimanin kilo biyar, mafi yawanta adon da aka ɓamɓare daga jikin makamai. A wannan duniya Penda ya tashi, ya kuma ƙware da ita fiye da tsararrakinsa.

Penda A Cikin Labarin

Abin da mai nazari zai fara lura da shi shi ne, Penda ba ya shigowa labarin Bede sai in za a yi ɓarna. A 633 ya haɗa kai da Cadwallon, Sarkin Gwynedd, aka kashe Edwin na Northumbria a Hatfield. A 642 ya kashe Oswald a Maserfield, ya sa aka sare kansa da hannuwansa aka soke a kan itatuwa. Sigeberht da Ecgric da Anna, sarakunan East Anglia, duk a yaƙe-yaƙensa suka faɗi. Sarakuna biyar ke nan. Amma duk da haka littafin bai kai mu fadarsa ba ko sau ɗaya. Ba mu ga yadda yake shari'a ba, ba mu ji shawarar fadawansa ba, alhali an buɗe mana fadar Edwin har mun saurari mahawarar da aka yi kafin ya karɓi Kiristanci a 627.

Dubi wurin da Penda ya yi wa birnin Bamburgh ƙawanya. Ya tara itatuwa da ciyawa ya cinna wuta, Bishop Aidan ya hango hayaƙin daga tsibiri ya yi addu'a, iska ta juya kan maharan. Wuri ne mai armashi, salon ya tsaru. Sai dai tauraron wurin Aidan ne. An kawo Penda ne kawai don karamar waliyi ta sami abin da za ta rinjaya.

Addini Ne Ko Son Gida?

Da yawa na ɗauka cewa addini ne ya sa Bede ya yi wa Penda haka. Littafin da kansa bai goyi bayan wannan fahimta gaba ɗaya ba. Ga Aethelfrith, Sarkin Northumbria, shi ma mai bautar gumaka ne, kuma Bede ya ruwaito cewa a yaƙin Chester ya sa an karkashe masu ibada Kiristoci wajen 1,200 saboda sun zo yi wa abokan gabansa addu'a. Bede ya kwatanta shi da Saul, sarkin Bani Isra'ila, ya kuma ɗauki kisan a matsayin cikar gargaɗin da Augustine ya yi wa Kiristocin Birtaniya da suka ƙi bin tsarin Rum. Cadwallon kuwa Kirista ne, amma zagin da ya sha a littafin ya fi na Penda.

Wata hujjar ita ce jerin sarakuna bakwai da Bede ya ce ikonsu ya game ƙasashen kudu. Biyun farko, Aelle da Ceawlin, masu bautar gumaka ne, ukun ƙarshe duk 'yan Northumbria ne. Babu ɗan Mercia ko ɗaya. Ga shi kuwa Bede da bakinsa ya ce manyan shugabanni talatin ne suka bi tutar Penda zuwa yaƙinsa na ƙarshe. Wane iko ne ya wuce wannan? Laifi tudu ne. Laifin Penda na gaske a idon marubucin shi ne ya zama ƙaya a maƙogwaron Northumbria fiye da shekara ashirin. Ko a gabatarwar littafin, labarin shigar Kiristanci Mercia daga masu ibadar Lastingham Bede ya ce ya samo shi, Lastingham kuwa a Northumbria take.

Inda Gaskiya Ta Rinjayi Alƙalami

A nan ne ya wajaba a yaba wa Bede, domin duk hujjojin da muke tuhumarsa da su, shi ne ya adana mana su. Shi ya faɗa cewa Penda bai hana wa'azin Kiristanci a ƙasarsa ba, kuma abin da ya fi raina shi ne mutumin da ya karɓi addini sannan ya ƙi aiki da shi. Shi ya gaya mana ɗansa Peada ya karɓi Kiristanci a 653 uban yana raye. Shi ya nuna cewa Penda ya kori Cenwalh na Wessex daga sarauta saboda ya saki 'yar'uwarsa, wato yaƙin mutuncin gida. Bai kuma ɓoye cewa Oswiu, Kirista, ya sa an kashe Sarki Oswine, Kirista ɗan'uwansa, a 651 ba.

Ko yaƙin Winwaed na 655, inda Oswiu ya kashe Penda, Bede ya tsara shi kamar karon imani da kafirci: an yi tayin dukiya Penda ya ƙi, Oswiu ya yi bakance, kogi ya cika ya cinye masu gudu. Amma a cikin labarin ya ambaci cewa Aethelwald, ɗan Oswald waliyi, a ɓangaren Penda ya zo. Mai karatu mai lura zai gane cewa rigimar ta iko ce da ganima da gaba ta gado, irin wadda kowane sarki na lokacin yake ciki, mai gicciye da mai gunki.

Kammalawa

Mutanen Penda ba su bar mana tarihinsa da alƙalaminsu ba, don haka har gobe ta idon abokin gaba za a riƙa kallonsa. Manazartanmu sun san irin wannan matsala, tunda Barbushe da Tsumburbura ma ta alƙalamin malamin da ya rubuta Tarihin Kano muka san su. Bede ya karkata, babu shakka, ya kuma rage wa Penda matsayin da ya cancanta. Amma bai share shaidar da ta saɓa wa ra'ayinsa ba, shi ya sa bayan shekara kusan 1,300 ake iya yi masa gardama da littafinsa a hannu. Marubucin da zai ɗauki alƙalami a kan mutanen da ba za su iya mayar da martani ba, mafi ƙarancin abin da ake nema a gare shi ke nan.