Jinjina ga masu koyar da injin da ke cikin jikinmu

Malaman kimiyyar sinadaran jiki na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina sun cancanci yabo, ko don darasi guda: yadda furar da ɗalibi ya sha da safe take zama ƙarfin riƙe biro. Ido ba ya ganin abin, madubin ɗakin gwaji ma bai kai gare shi ba. Sai zane a allo, sai haƙurin maimaitawa.

A cikin mitokondiriya, wasu ƙananan sassa na ƙwayoyin jikinmu, kuzarin abinci ke tura furoton bayan wani siririn tantani, su taru kamar ruwa a bayan dam. Ƙofar komawarsu ita ce wani ƙaramin inji mai suna ATP synthase. Suna ratsawa suna juya shi, juyi na zahiri, kowane zagaye ya fitar da ATP uku. Da ATP ɗin nan, sinadarin da ke ɗauke da kuzari, tsoka ke motsi, ƙwaƙwalwa ke aiki.

Ɗalibin da ya yi tababa ma ba a ga laifinsa ba. Da Peter Mitchell ya kawo bayanin taruwar furoton ɗin a 1961, manyan masana sun daɗe suna musu, sai a 1978 ya samu kyautar Nobel. Paul Boyer da John Walker, da suka fayyace aikin injin, tasu ta zo a 1997.