Zagayen Baƙi a Kano: Sharhi a Kan Matsayin Fagge da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

Duk baƙon da ya sauka Kano da niyyar buɗe ido, kusan hanya ɗaya 'yan jagora ke bi da shi. Akan fara da Dutsen Dala, a gangaro Kasuwar Kurmi, a leƙa karofin Ƙofar Mata, a tsaya a Gidan Rumfa da Gidan Makama, sannan a ƙare a Gidan Ɗan Hausa. Wannan tsari ya daɗe har ya zama tamkar matani, watau yana da abin da ya zaɓa ya faɗa, da abin da ya yi shiru a kansa. Don haka ya cancanci irin nazarin da ake yi wa rubutaccen littafi. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna shi ta fuskar unguwanni biyu da yake tsallakewa, watau Fagge da Sabon Gari.

2.0 Nagartar Tsarin

Babu shakka tsarin yana da armashi, domin ya bi zaren Tarihin Kano daki-daki: daga Barbushe a Dala, zuwa ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu (1095-1134) ya fara, zuwa Muhammadu Rumfa (1463-1499). A wuni guda baƙo zai fahimci cewa birnin ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Shigar da ganuwa cikin jerin share fage na UNESCO a 2007, da amincewa da hawan salla a 2024, sun ƙara wa tsarin ƙarfi.

3.0 Rauninsa

Raunin shi ne, labarin yakan tsaya a bakin ganuwa. Abin da ya biyo bayan cin Kano a 1903, gida ɗaya tak ke wakiltarsa, watau gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909. Ke nan an taƙaita mulkin mallaka ya zama labarin Bature guda, an bar dubban 'yan ƙasar da zamanin ya sauya wa rayuwa.

3.1 Fagge

Tun kafin zuwan Turawa Fagge zango ne, inda ayarin Azbinawa ke sauke gishiri, fatake su kwance kaya. Ɗan jagora yakan yi wa baƙo dogon bayani a Kurmi kan cinikin Sahara, amma ba ya nuna masa inda raƙuman ke durƙusawa. Wannan daidai yake da nuna wa mutum rumbu a ɓoye masa gona. Har ila yau a nan Kantin Kwari yake, kuma unguwar ta kasance matattarar 'yan NEPU bayan kafa jam'iyyar a 1950. Abin mamaki, filin jirgin saman da baƙon ke sauka yana cikin ƙaramar hukumar Fagge ne. Yakan ratsa ta a mota, ba wanda ya ce masa tarihi yake takawa.

3.2 Sabon Gari

Reluwe ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a 1912, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Idan gadon mulkin mallaka ake nema, babu inda ya fi nan bayyana: miƙaƙƙun layuka, da tsofaffin majami'u da makarantun mishan, da sunayen tituna irin su Gold Coast da Freetown da Abeokuta da Warri, waɗanda suka zama rajistar asalin mazaunan farko. A nan aka buɗe silimar Rex a 1937. Ga masu nazarin harshe kuwa, nan ne fagen da Hausa ta zama harshen ciniki tsakanin Ibo da Yarbawa da Nufawa.

Ya kamata a lura cewa Turawa ne suka ƙarfafa rabon Birni da Waje ta hanyar doka, suka ɗauki na ciki a matsayin Kano ta ainihi, na waje kuwa baƙi. Ɗan jagoran da ya tsaya a ganuwa, ko bai sani ba, taswirar Razdan yake karantawa.

3.3 Jakara

Ta fuskar halitta ma akwai giɓi. Jakara, wadda Tarihin Kano ya ambaci kurminta, ta ratsa birni ta wuce ta gefen waɗannan unguwanni. Ita ce igiyar da ta ɗaure ciki da waje, amma da yake ta koma magudanar ƙazanta, sai aka kau da kai daga gare ta.

4.0 Wani Hanzari

Mai yiwuwa a ce waɗannan wurare suna da cunkoso, kuma ba za a ambace su ba sai an taɓo rikicin Mayun 1953 da kashe-kashen 1966. Wannan hanzari ne mai nauyi. Sai dai ciwon da aka rufe ba ya warkewa, kuma baƙon da aka nuna wa inda aka yi faɗa, shi ne za a nuna wa kasuwar da jikokin ɓangarorin biyu ke ciniki kafaɗa da kafaɗa.

5.0 Kammalawa

Abin da ba a nuna wa baƙo, da wuya hukuma ta ga dalilin adana shi. Dalar gyaɗa ta tafi sai hotuna, gobarar 2016 ta ci babban sashe na Kasuwar Sabon Gari, tsofaffin gine-gine kuma ana rushe su ana gina shaguna. Wajibi ne sassan Hausa da Tarihi na jami'o'i su tattara bayanan dattawan unguwannin biyu, a shirya wa 'yan jagora ɗan littafi da Hausa, a kuma tsawaita zagayen ya fita ta Ƙofar Mata zuwa Fagge, ya ƙare a Sabon Gari.