Buhun Tamale Ya Kai Landan, Ina Tabarmar Miga?

A shekarar 2024 an lulluɓe wani sashe na katafaren ginin Barbican da ke Landan da ƙyalle mai launin shunayya da ruwan hoda, faɗinsa kusan murabba'in mita 2,000. Masaƙan arewacin Ghana ne suka saƙa shi da hannu, aka shimfiɗa shi a filin ƙwallon Tamale aka ɗinke, sannan aka ɗaɗɗaura masa tsofaffin rigunan saƙi da mutane suka sha sawa har suka koɗe. Mai wannan aiki, Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale ne a 1987. Kafin nan buhun algarara ne ya fito da sunansa. Buhunan da ake shigowa da su Ghana don zuba koko, daga baya su koma hannun masu gawayi da masu masara, su yake saye ko ya yi musanya da sababbi, ya tara mutane su harhaɗa, ya rufe gine-gine da su. Haka ya yi a babban baje kolin fasaha na birnin Venis a 2015.

Ba shi kaɗai ba ne. El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, marafen kwalabe yake tarawa, a daddaƙe su, a huda, a ɗaure da wayar tagulla, har su zama wani mayafi mai ƙyalli da ke rufe bango guda. Abdoulaye Konaté na Mali kuwa yankakkun ƙyallayen shadda da aka rina yake jerawa, launi kan launi. Manyan masu fasahar Afirka ta Yamma sun rage dogaro da fenti da burushin da ake sayowa daga Turai, sun juyo ga kayan da ke kasuwar ƙauyensu, kuma duniya ta biyo su da kuɗinta.

Wannan sauyi alheri ne, kuma babu wanda ya kamata ya fi murna da shi kamar yaron da ya taso a Miga ko Auyo ko Kafin Hausa a Jihar Jigawa. A da, idan aka ce zanen zamani, sai an nemi kayan da ko a Kano sai an sha yawo kafin a samu. Yanzu abin da ake nema ido ne da hannu da kuma sanin kaya, kuma sanin kaya gādo ne a fadamar kogin Haɗeja. Ga masu saƙar tabarma da faifai da ke rina kaba ja da kore da baƙi. Ga masunta da ke ɗinkin taru da koma. Ga masassaƙan turmi da akushi da allo. A dubi mai zanen ƙwarya yadda take aiki: wuƙarta na cikin garwashi, ta zaro ta da zafinta, ta ɗora ƙwaryar a cinya tana juyawa a hankali, hayaƙi na tashi, layi na bin layi har zagayen ya haɗu daidai inda ya faro, ba ma'auni, ba fensir. Wannan ƙwarewa ce da ɗalibin jami'a zai shekara bai kamo ta ba.

Abin takaici shi ne, tunanin da ya haifi wannan tafiya a Najeriya, a ƙasar Hausa aka ƙyanƙyashe shi. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu, yawanci Turawan Ingila, suna koya musu zane kamar yadda ake yi a Landan. Su kuwa suka ce za su karɓi dabarar, amma kowa zai koma ya ɗebo abin da ya taras a gidan ubansa ya haɗa. Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafancan, ya koma ga zanen jiki da na bango na matan Ibo. Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo, ya zama uban masu buga hoto daga sassaƙaƙƙen faranti, har ya ƙirƙiro dabarar kansa bayan da sinadari ya ɓata masa wani faranti a 1967. Grillo ya cika zanensa da shuɗi irin na rinin Yarbawa. Abokin karatunsu Jimo Akolo ya zana mahaya dawakin Arewa, ya kuma zauna Zariya yana koyarwa shekara da shekaru.

Ƙungiyar ta watse a 1961, yawancinsu suka koma Kudu da abin da suka samo. Nsukka ta ci moriya, Legas ta ci, har ƙauyen Agbarha-Otor a Jihar Delta, inda Onobrakpeya ke tara masu fasaha kowace shekara tun 1998. Zariya ba ta daina yaye gwanaye ba, irin su Gani Odutokun da ya rasu a haɗarin mota a 1995, da Jerry Buhari. Amma masu saye da masu baje koli suna Legas da Abuja. Lokacin da aka sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, ɗan Najeriya, kan fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, ko da gidan Tate Modern ya buɗe baje kolin fasahar zamanin Najeriya a 2025, mutum nawa ne a Jigawa suka ji cewa labarin ya shafe su?

Dalilin da aka fi kawowa shi ne addini, kuma ba magana ce ta wasa ba. Musulmi da yawa na gudun sassaƙa mutum-mutumi da suranta abu mai rai, suna da hujjojinsu, kuma babu mai ikon tilasta musu. Sai dai wannan sabuwar hanya ta raba gardama. A buhunan Mahama babu fuskar kowa, haka a marafen Anatsui. Bahaushe kuwa ya daɗe da sanin yadda ake cika ido ba tare da an zana ɗan Adam ba. Zayyanar allon sauka shaida ce, haka dagin da magina ke fitarwa a goshin zaure, da aska takwas a gaban babbar riga, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A nan Jigawa ma, shanun da mutanen dā suka zana da jan launi a duwatsun Birnin Kudu suna nan har gobe. Wanda ya ce zane baƙon abu ne a ƙasar nan bai ɗaga kai ya dubi bayan motar ɗaukar kaya a hanyar Gujungu ba.

Abin faɗa kuwa ba a rasa ba. Ambaliyar 2022 ta cinye gonakin shinkafa, ta rusa gidajen ƙasa, ta tura iyalai makarantun firamare a Miga da Ringim da Auyo da sauran garuruwan bakin kogi. Matasa sun kwana suna cika buhuna da yashi suna ɗaga jinga. Buhun da manomi ya tanada don zuba shinkafar kaka, shi ne ya koma ɗauke da yashi, rana ta cinye shi, ya yage, ya bar zare a cikin laka. Ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda kogin ke cika da janyewa. Hotunan waya sun ɗauki ambaliyar, an yaɗa a Facebook, bayan mako biyu wani labari ya danne su. Da a ce wani ɗan garin ya tattara waɗannan yagaggun buhuna da ƙyauren da ruwa ya ɓalle da gorar masunci, ya tsara su a inda jama'a za su tsaya su duba, da jikokin waɗanda suka ɗaga jingar sun ga abin da idonsu.

Akwai haɗari a tafiyar, kuma ya kamata a faɗe shi tun yanzu. Babban aiki irin na Barbican hannu ɗaruruwa ne ke yin sa, amma suna ɗaya ake rubutawa a bango. Idan wani gwani daga Legas ya zo kasuwar ƙauye ya kwashe tabarmi a farashin banza, ya jera su a Paris da sunansa, mai saƙar ba ta ƙaru da komai ba sai kuɗin cefanen yini. Tarihin Ladi Kwali ya nuna ana iya yin akasin haka. Maginiyar tukwane ce Bagwariya da ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, wato Suleja, a 1954. Da sunanta tukwanenta suka je Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Abin da ya fi buhunan Mahama daraja shi ne inda ya kai kuɗinsu. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale, ya ƙara da wani fili a gefen gari inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama ya mai da su azuzuwa, 'yan makaranta na shiga kyauta. Jigawa na da jami'ar tarayya a Dutse da ta jiha a Kafin Hausa, ga attajiran shinkafa da riɗi da zoɓo. Ba a buƙatar jirgin sama. Ɗaki ɗaya mai rufi a kan tudun da ruwa ba ya kaiwa ya isa farawa, a ɗauko malami daga Zariya ya zauna wata guda lokacin rani tare da masu saƙa da masassaƙa da 'yan sakandare, a biya kowa haƙƙinsa, a rubuta sunan kowace mai saƙa da na ƙauyenta a ƙarƙashin aikinta.