Biram ba garaya ba ne

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fara da kuskurena. A hutun da ya wuce ina gida Bune, na zauna da waya in rubuta muƙala a Wikipedia ta Hausa kan biram, abin kiɗan nan na Budumawan tabkin Cadi mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale. Na ɗauko bayani na Faransanci, na zuba a na'urar fassara, ta ce mini garaya, ni kuma na kwafe. Har manazarta na saka a ƙasa, abin sai ka ce aikin malami. Sai da na karanta wa kawuna ya yi dariya ya ce: "Kai yaro, ka taɓa ganin garaya kuwa?" Ai ko da gaskiyarsa. Garaya tsirkiya 2 gare ta, ta mafarauta ce da ƴan bori, ana danna tsirkiyarta a jikin sanda. Biram kuwa ba a danna shi, kowace tsirkiya da sautinta.

To, nan ne maganata take. Dokar Wikipedia ta ce duk abin da ka rubuta ka kawo inda aka buga shi, kuma ba a karɓar binciken kanka. Ni ban ga laifin dokar ba. In babu ita, kowa sai ya ce kakansa ne ya ƙirƙiro kalangu. Amma ta sa mun koyi wata ɗabi'a, da mun ga ƴar lamba a ƙarshen jimla sai mu saki jiki. Tambayoyi uku ne ba mu yi.

Ta farko, wa ya rubuta? Marigayi Malam Mamman Barka, haifaffen Tasker, ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi tabkin Cadi ya koyi biram wurin Bukar Tar, ya fitar da faifai a 2009, ya rasu a 2018. Kusan ko'ina za ka ga an kira shi gwanin biram na ƙarshe. Mai sayar da faifai zai so wannan magana, kuma mai tallar fura ba ya cewa nononsa da tsami. Edita ya rubuta "kamfanin faifan ya ce", kada ya mayar da talla hukunci.

Ta biyu, a ina aka yi binciken? Ƙamusun kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King, wanda ya fito a 1971, aiki ne na ƙwarai, amma galibin aikinsu a ƙasar Zazzau da Katsina suka yi shi. Kana iya dogara da shi kan kakaki a fadar Katsina. In ka jawo shi ya yi shaida kan yadda Mangawan Gure suke busa algaita, wadda da Barbarci ake ce wa alita, ka sa shi faɗin abin da bai gani ba.

Ta uku, da wane harshe? Wannan ita ce tamu, mu ƴan kimiyyar harshe. Bature yana iya tara molo da gurmi da garaya ƙarƙashin suna guda, mu kuwa kowane da sunansa da masu kaɗa shi. In ka fassaro daga nasa, uku sun zama ɗaya. Buɗe ƙamusun Bargery na 1934 bai fi minti biyar ba, wallahi, kuma da ya raba mini gardama.

Saura babbar matsala: kawuna ya fi na'urar sani, amma ba zan iya saka shi a manazarta ba. An taɓa gwadawa. A 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu, ana ɗaukar muryar mutane a kafa hujja da ita, amma abin bai zama doka ba. Ni dai ban ce mu zauna jiran a sauya doka ba. A Yamai akwai CELHTO da aka kafa don adana adabin baka, akwai IRSH, akwai kuma cibiyar kiɗa ta CFPM Taya mai ɗakin ajiye kayan kiɗa. Kowannenmu kuma sai ya rubuta kundin kammala karatu. Me zai hana ɗayanmu ya je wurin masu algaita da ganga na ƙasar Gure, ya nemi izininsu, ya ɗauki murya, ya rubuta suna da rana da gari, ya yi ƙoƙari a buga shi a mujallar jami'a? Daga nan edita na Kano ko na Maraɗi ya samu abin dogara.

Muƙalata dai na goge kalmar garaya daga cikinta, na bar biram da sunansa, na bayyana siffarsa. Ta koma layi 6 kacal, kuma hutu mai zuwa zan sake karanta wa kawu.