Hannun Mai Suyar Fara

Idan kaka ta wuce, sanyi ya fara sauka, duk wanda ya bi ta Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi bayan la'asar, ko ya ratsa gefen kasuwar Tarauni ya nufi tashar Unguwa Uku, zai ci karo da 'yan mata riƙe da farin bokitin roba, cikinsa jawur. Fara ce. Mai tsire yana da hayaƙi da ƙamshi suna yi masa talla tun daga nesa, mai shayi yana da benci da rediyo. Mai fara ba ta da ko ɗaya. Abin da zai dawo mata da mai saye gobe shi ne ƙurus ɗin da ya ji a bakinsa yau, kuma wannan ƙurus ɗin ba a kasko ake fara nemansa ba.

A daji ake farawa. Da rana fara ta fi ƙarfin mai kamu, sai dai ya sha gudu a banza. Saboda haka ake jiran dare ko asubar fari, lokacin da sanyi da raɓa suka kashe mata jiki, ta lafe a jikin kara da ciyawa. Sai a bi ta da tocila ana tsinta ana jefawa a buhu. Kafin rana ta yi zafi an juye ta a tafasasshen ruwan gishiri, an shanya, ta bushe ƙayau. A haka take shigowa Kano buhu-buhu, daga Borno da Yobe, da kuma Damagaram da Maraɗi a Nijar. Farar Maiduguri ce ta fi suna, har mai talla kan ambaci garin don ta ja hankalin mai wucewa.

Tafasawar nan tana da wani amfani bayan hana ruɓewa. Halaccin cin fara ya tabbata a hadisi, amma malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu muke bi a nan, sun shardanta a kashe ta da niyya, ko da wuta ko da ruwan zafi ko da cire kai. Wadda aka tsinta a mace ba su yarda a ci ba. Wannan hukunci ya zo daidai da babbar fargabar sana'ar a yau, wato farar da maganin feshi ya kashe. A shekarar 2004, da farar ɗango ta mamaye ƙasashen Sahel ta haɗu da ƙarancin ruwan sama, abin da ya jefa Nijar cikin yunwar 2005, da feshin magani aka yaƙe ta. Fara irin wannan idan an kwashe ta an busar, ido kaɗai ba zai raba ta da ta ƙwarai ba.

A nan ake gane gwana. Ba ta sayen fara daga bakin buhu. Sai ta zura hannu can ƙasa ta damƙo, ta kai hanci. Warin magani, warin ruɓa na wadda ba ta bushe ba aka ɗure, tsamin tsohuwar ajiya ta bara, kowanne ta san shi. Ta karya ɗaya ta duba ciki. In ta ga mai ƙwai ce, ciki cike rawaya, to ta samu, don ita ce mai maiƙo da garɗi, ita masu saye ke tonowa a bokiti. Ta san babe, ta san ƙananan da ba su da auki, ta kuma san farar tumfafiya, mai ado da ɗigo-ɗigo, wadda ba a ci.

Sai gyara, aikin da ke cinye yini, wanda mai saye bai taɓa gani ba. Ɗaya bayan ɗaya za a fige fiffike, a ɓalle ƙafafun baya masu ƙaya kamar haƙoran zarto, don in aka bar su suna maƙale wa mutum a wuya. Wasu kan ja kan a hankali ya fito da kashin ciki. Kwano guda sai ya zaunar da uwa da 'ya'yanta a tsakar gida tun hantsi. Daga nan a wanke da ruwan zafi, a sake, a kuma sakewa, har yashi ya daina kwantawa a gindin roba. Tsakuwa ɗaya tak a haƙorin mai saye ta isa ta raba shi da mai fara.

Ba a jefa ta a mai kai tsaye. Ana fara ɗora ta da ɗan ruwa da gishiri da dunƙule da tafarnuwa da citta, wasu su matsa lemon tsami ya kashe ƙarni, a bari ruwan ya tsotse don ɗanɗanon ya shiga ciki. A tsane. Sannan man gyaɗa, da albasa.

Wutar ita ce sirrin. In ta yi yawa, bayan fara ya yi baƙi, ta yi ɗaci, cikinta kuwa da sauran danshi. In ta yi kaɗan, fara ta sha mai ta yi laushi, kafin lisha ta zama abin tauna. Gwana da kunne take suya: da farko kasko yana ta ƙara, ruwa na fita, in ƙarar ta lafa, launi ya juya ja, sai ta kwashe ba jinkiri. Ba ta rufe bokiti da zafinta, don gumi zai sauka ya ɓata aikin. Yaji ma ba ta barbaɗawa sai an saya, tunda gishirin cikinsa yana jawo danshi.

Masu yatsina fuska, su ce cimar ƙauye ce, ya kamata su ji labarin Tailan. A yankin Isan na arewa maso gabashin ƙasar, mutanen karkara sun daɗe suna cin gyare da ƙwan tururuwa. Da fara ta addabi gonakin masara a shekarun 1970, magani ya kasa, hukuma ta shiga kiran jama'a su kama su ci, har ta zama haja mai tsada a titunan Bankok. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum aƙalla biliyan 2 ke cin ƙwari a duniya, kuma akwai gonakin kiwon gyare kusan 20,000 a Tailan. Su sun kai ga kiwo. Mu har yanzu daji ne ke ba mu, shi ya sa tsadarta ke hawa da zarar hunturu ya juya baya.

A bakin titi cinikin yana da nasa tsari. Ba a saye sai an ɗanɗana. "Hajiya, taɓa ki ji, suyar yau ce." Matar ta ɗauki ɗaya, ta gyaɗa kai, a auna mata da ɗan gwangwani, a zuba yaji, ta ce, "Yarinya, ba gyara?" a ƙara mata uku ko huɗu. Mata ne manyan masu saye, don fara na gaba-gaba cikin kayan ƙwalama, amma mai adaidaita ma kan taka birki, haka masu jinya da ke fitowa daga Asibitin Malam Aminu Kano neman abin motsa baki. Ragowar jiya ana iya maimaita ta a mai, sai dai tana duhu, kuma tsofaffin masu saye suna ganewa tun kafin su kai baki. Shi ya sa wadda ta iya take kallon gari kafin ta ɗora kasko: in ƙarshen wata ne ta ƙara kwano, in tsakiyarsa ne ta rage.